Mace Ɗaya da Maza da Yawa Cikin Labarun Soyayya: Asalin Jigon da Yadda Ya Iso Ƙasar Dutse

Garin Dutse, wanda a ke yi wa laƙabi da Gadawur, ya daɗe zaune gindin duwatsunsa da itatuwan dabinonsa yana cikin Lardin Kano. Ran 27 ga watan Agusta 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, aka mai da shi babban birninta. Tun daga sa'an nan ma'aikata suka yi ta ƙaura zuwa cikinsa da iyalinsu, makarantu suka yawaita, har cikin 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a can. Inda masu karatu suka taru kuwa, abin karantawa ba ya rasa hanyar da zai bi ya same su. Da fari littattafan soyayya na Kano ne a kan ɗauko ta hanyar Wudil, a baza su a tasha da bakin kasuwa, wanda ba shi da kuɗin saye ya karɓi haya. Yanzu wayar hannu ta karɓe yawancin wannan aiki, labari ya kan shiga ɗakin matar aure a Garu, ko ɗakin kwanan ɗalibai, ba tare da wani ya ga shigarsa ba.

Cikin abin da wayar ta kawo akwai wani irin ƙagaggen labari da ya yaɗu a ƙasashen Turawa, inda a ke nuna mace ɗaya tana tare da maza uku ko fiye a lokaci guda, da saninsu da yardarsu, galiban kuma da bayanin saduwa a fili. Waɗansu su kan ce wannan baƙon abu ne ɗungum, ba shi da dangi a adabin Hausa. Waɗansu kuma su kan ce ai ba sabo ba ne, tun a tatsuniya a ke jin yarinya da manema barkatai. Ko wane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta rarrabe tsakanin abin da ya ke na gida da abin da ya ke baƙo, domin wanda bai san iyakar gonarsa ba, ba ya iya yi mata shinge.

Siffar labarin da mafarinsa

Turawa suna kiran wannan salo da wani suna mai ma'anar gidan sarki a juye, watau maimakon namiji ɗaya da mata da ƙwaraƙwarai kewaye da shi, sai a sami mace ɗaya maza sun kewaye ta. Suna kuma yi masa wani laƙabi mai ma'anar "don me za a zaɓa?" Wannan laƙabi na biyu shi ne ya fi bayyana sirrinsa. A labarin soyayya na al'ada, irin wanda kamfanin Mills & Boon na Ingila ya shahara da bugawa bayan kafa shi cikin 1908, in maza biyu suka nemi mace, dukan daɗin labarin yana ga jiran wanda za ta ɗauka. A sabon salon kuwa an tumɓuke wannan jira. Ba ta fid da kowa, su kuma ba su kashe juna, sai su zauna tare kamar iyali guda. Sau da yawa a kan mai da mazan 'yan'uwa, ko mayaƙan runduna ɗaya, a ba ko wanne halinsa dabam: wannan jarumi, wancan mai haƙuri, ɗaya mai ban dariya, ɗaya mai dukiya. A kan kuma kai labarin wata duniya ta aljanu da mutane masu rikiɗa, inda dokar 'yan Adam ba ta aiki, don kada mai karatu ya tsaya tambayar yadda haka za ta yiwu.

Tushensa na kusa yana ƙasar Japan, cikin littattafan zane da a ke yi domin 'yan mata. Cikin 1992 Yuu Watase ta fara fid da Fushigi Yuugi, labarin yarinyar da ta faɗa cikin wani tsohon littafi ta sami mayaƙa kewaye da ita. Cikin 1994 kamfanin Koei ya fito da wasan kwamfuta mai suna Angelique, inda mai wasa ta ke zama budurwa tsakanin samari da yawa. Amma a irin waɗannan na Japan galiban yarinyar ta kan zaɓi ɗaya daga ƙarshe. A Amurka ne aka ƙetare wannan iyaka. Laurell K. Hamilton, wadda ta fara jerin littattafan Anita Blake cikin 1993, da na Merry Gentry cikin 2000, tana cikin waɗanda suka saba wa masu karatu da jaruma mai masoya da yawa a lokaci ɗaya. Da kamfanin Amazon ya fito da na'urar karatu ta Kindle cikin 2007, ya kuma buɗe wa kowa hanyar buga littafinsa ba sai ya bi ta hannun maɗaba'a ba, sai salon ya sami kasuwa. Dalili biyu ne suka taimake shi: marubuciya ba ta bukatar yardar edita, mai karatu kuma ba wanda ya ke ganin bangon abin da ta ke karantawa.

Ko an taɓa yin haka a zahiri

Auren mace ɗaya da maza da yawa ba ƙage ne zalla ba, ko da ya ke ƙalilan ne cikin al'ummun duniya suka yi shi. A tsohon littafin Hindu mai suna Mahabharata, Draupadi matar 'yan'uwa biyar ce. A ƙasar Tibet da waɗansu kwaruruka na duwatsun Himalaya 'yan'uwa maza su kan auri mace guda, dalilinsu kuwa na tattalin gona ne: ƙasar noma kaɗan ce, in ko wane ɗa ya kafa gidansa aka raba gado, ba wanda rabonsa zai ci da shi. A nan Nijeriya ta Arewa ma, M. G. Smith ya rubuta cikin 1953 a kan wani irin aure na biyu a wurin Kadara da Kagoro na kudancin Zazzau, inda mace ta kan ƙulla sabon aure ba tare da na fari ya mutu ba. Irigwe na ƙasar Jos sun yi irin wannan har zuwa 1968 da majalisarsu ta hana. Sai dai a lura, a wurinsu matar ba ta zama da mazan duka a gida ɗaya. Tana tare da ɗaya ne a ko wane lokaci, in ta tashi ta koma wurin wani.

Larabawan Jahiliyya su ma sun san shi. A cikin Sahihul Buhari, a Littafin Aure, an ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa aure iri huɗu ne kafin Musulunci. Ɗaya daga ciki shi ne mazan da ba su kai goma ba su riƙa zuwa wurin mace guda, in ta haihu ta tara su ta nuna wanda ta ga dama ta ce ɗansa ne, shi kuwa ba shi da ikon musu. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo, sai ya rushe dukan waɗannan, ya bar irin auren da a ke yi yau. Alƙur'ani ya haramta auren matar da ke da miji a Suratun Nisa'i, aya ta 24. Ya kuma ajiye idda tsakanin miji da miji: tsarki uku ga wadda aka saki, wata huɗu da kwana goma ga mai takaba, haihuwa ga mai ciki. Babbar hikimar idda ita ce a tabbatar da uban ɗa, gama a kan nasaba gado da walicci da muharramaka su ke tsaye. Wannan shi ne abin da a ke karantarwa cikin Risala da Muhtasar a zaurukan malaman Dutse da Birnin Kudu da Jahun, kamar sauran ƙasar Hausa. Dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta sanya zina cikin laifuffuka a sashe na 387 da na 388, Jihar Jigawa kuma ta ƙaddamar da Shari'a cikin shekara ta 2000.

Shaidar harshe

Harshe ya kan ajiye suna ga abin da masu shi suka saba da shi. Hausa tana da kalmomi da yawa na gidan namiji mai mata: uwargida, amarya, kishiya, mowa, bora, ƙwarƙwara, sa-ɗaka. Amma ba ta da kalma ko ɗaya ta namijin da ya ke tarayya da wani namiji a kan mata guda bisa yarda. Kishiya ba ta da takwara namiji. Abin da a ke da shi sai manemi, watau wanda bai riga ya samu ba, da tsohon miji, wanda ya riga ya rabu, sa'an nan kwarto da farka da dadiro, waɗanda duka sunayen laifi ne. Wannan giɓi ya nuna cewa Bahaushe ya san maza da yawa a kan mace ɗaya ta fuska uku kaɗai: kafin aure, ko bi da bi, ko a ɓoye. Ta waɗannan ƙofofi uku ne jigon ya shiga adabinsa.

Ƙofa ta fari: manema

Karin magana ya ce mace allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Budurwa mai manema da yawa abin alfahari ce ga gidansu, ba abin kunya ba, muddin dai ƙarshenta ta fid da gwani. Tatsuniyoyi cike su ke da wannan. Akwai ta yarinyar da ta ƙi dukan samarin garinsu ta ce sai marar tabo, har maciji ko dodo ya rikiɗa ya zo ya aure ta, ta sha wuya kafin ta kuɓuta. Akwai ta sarkin da ya sa wa manema 'yarsa gasa, wanda ya ci ya ɗauka. Akwai kuma irin labarin nan da a ke rufewa da tambaya: samari uku suka tafi neman abin mamaki, ɗaya ya samo abin hangen nesa, ɗaya abin tafiya cikin ƙiftawar ido, ɗaya magani, na fari ya hango budurwar tana bakin mutuwa, na biyu ya kai su, na uku ya warkad da ita, to, wa ya cancanci aurenta? Wannan yana cikin hikayoyin Alfu Laila, waɗanda Frank Edgar ya fid da fassararsu ta Hausa cikin 1924 da sunan Dare Dubu da Ɗaya, bayan ya riga ya tara tatsuniyoyin Hausa littafi uku tsakanin 1911 da 1913.

Abin lura a nan shi ne, masu sauraro su kan kwana suna gardama a kan wanda ya fi cancanta, amma ba a jin wanda ya ce ta aure su duka. Ga shi kuwa ita ce amsar da ta fi sauƙi, tun da ko wannensu ya yi aikin da in babu shi da ta mutu. Wannan amsa da zauren hira bai taɓa kawowa ba, ita ce sabon salon Turawa ya ɗauka ya gina gida a kanta. Bahaushe kuwa ya riga ya yanke hukunci da cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Ƙofa ta biyu: aure bi da bi

Saki ba shi da wuya a ƙasar Hausa, bazawara kuma ba ta rasa masu zawarci, saboda haka mace ta kan yi miji biyu ko uku ko fiye cikin rayuwarta ba tare da ta saɓa wa Shari'a ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith, matar M. G. Smith ɗin nan, ta rubuta tarihinta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga cikin 1954, aure huɗu ta yi, ta kuwa ba da labarinsu ba da wata kunya ba. Bazawara ta fi budurwa iko da kanta, gama ba a aurad da ita sai da izninta a fili. Akwai kuma hukuncin saki uku a Suratul Baƙara, aya ta 230, wanda ya hana mace komawa wurin mijinta sai ta auri wani. Daga nan ne dabarar auren kisan wuta ta fito, wadda malamai su ke la'anta, marubuta kuwa su ke so ƙwarai, don tana sa mace tsakanin maza biyu, ɗaya yana jira a waje, ɗaya ya ƙi saki.

Ƙofa ta uku: ɓoye

Labarun kwartanci tsofaffi ne a hirar maza da ta mata. Galiban na ban dariya ne: miji ya dawo ba zato, an tura kwarto cikin rumbu ko ƙarƙashin gado, wani lokaci ya tarad da wani kwarton ya riga shi shiga. A Alfu Laila ma akwai matar da ta yi wa alƙali da waziri da sarki da waɗansu alkawari a rana ɗaya, ta kulle ko wanne cikin akwatin da kafinta ya yi mata, har da kafintan kansa. Irin waɗannan labaru ba yabon matar su ke yi ba, ba su kuma tsaya siffanta saduwa ba. Abin da a ke nema shi ne dariyar wautar maza, da jan kunne a kan makircin mata.

Mace guda ce a tarihin baka aka ba ta maza da yawa a fili, ita ce Amina ta Zazzau. Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello sun ambaci yaƙe-yaƙenta. Labarin baka kuma ya ƙara da cewa ta ƙi aure, duk garin da ta ci sai ta ɗauki namiji ɗaya ta kwana da shi, gari na wayewa a kashe shi. Ko da a ce ƙari ne na masu ba da labari, ya nuna yadda tunanin jama'a ya ke: macen da ta mallaki maza sai ta zama sarauniya mai takobi, kuma mazan ba su rayuwa su haɗu da juna.

Zamanin ɗab'i

Cikin littattafai biyar na farko da Hukumar Fassara ta Zariya ta buga bayan gasar 1933, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ne ya ɗauki wannan jigo. Zainabu tana son saurayinta Abubakar, sai attajiri Malam Shaihu ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya tafi neman sihirin ramuwa, abin ya faɗa kan ɗansu Kyauta, ya lalace ya zama ɓarawo, har ya yi sanadin mutuwar mahaifinsa. Watau tun a littafin soyayya na fari an nuna cewa maza biyu a kan mace ɗaya wuta ce, kuma ɗa ne ya ke ƙonewa.

Cikin 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, daga nan ƙofa ta buɗe wa mata. Balaraba Ramat Yakubu ta fid da Budurwar Zuciya cikin 1987, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? cikin 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta ɗauki karin maganar nan ta allura ta sa wa littafinta suna Allura Cikin Ruwa. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan yayi Adabin Kasuwar Kano yana kushe shi, Abdalla Uba Adamu ya tsaya masa, suka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990. Brian Larkin ya nuna cikin 1997 yadda finafinan Indiya suka yi tasiri a kansa. Ga misali Sangam na Raj Kapoor, na 1964, labarin aminai biyu ne da mace ɗaya, wanda bai warware ba sai da ɗayansu ya mutu.

A waɗannan littattafai jaruma ta kan tara manema: ɗan'uwan da iyaye su ke so, alhajin da ya zo da mota, saurayin da zuciya ta ke so. Ta kan kuma bi ta hannun miji fiye da ɗaya. A Wa Zai Auri Jahila? an cire yarinya daga makaranta an ba wani tsoho, ta gudu, ta nemi ilmi, ta koma ita ce mai zaɓe. Maza da yawa a nan ma'auni ne da marubuciya ta ke auna halayen maza da shi, tana kuka da auren dole da sakin wulakanci. Amma ƙarshen tafiya kullum ɗaurin aure ne da mutum ɗaya.

Tacewa da wayar hannu

Cikin 2001 Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. Cikin 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na Gwamna Ibrahim Shekarau, aka ƙone waɗansu littattafai a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyyar 'yan makaranta, a shekarar kuma aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, ya nemi marubuta su yi rajista. Ikon hukumar bai ƙetare iyakar Kano ba, amma da ya ke a Kano maɗaba'u da manyan dillalai su ke, abin da aka tace a can shi ne ya ke isowa Dutse. Littafin takarda yana da suna a bango, da maɗaba'a, da shagon da za a iya rufewa. Wannan kaɗai ya isa ya sa marubuci ya yi kara.

Wayar hannu ta warware wannan ɗauri. Dandalin Wattpad, wanda aka kafa a Kanada cikin 2006, da Facebook da WhatsApp, sun ba kowa damar ya yi rubutu da sunan aro, ya saki shafi shafi ko wace rana, ya karɓi kuɗi ta banki ko da katin waya kafin ya sa mai karatu cikin rukuninsa. OkadaBooks, wanda aka kafa a Nijeriya cikin 2013, ya ɗauki littattafan Hausa masu yawa kafin a rufe shi cikin 2023. Alherin wannan hanya ba kaɗan ba ne, gama matan da ba su da jarin buga littafi sun sami murya da abin sayen sabulu daga cikin ɗakunansu. Amma ta nan ne kuma rubutun batsa ya sami kasuwa, domin inda a ke biya shafi shafi, abin da ya fi tsayad da mai karatu shi a ke ƙarawa. A nan labarin Turawa da na gida suka haɗu a allo ɗaya. Duk da haka, ko a rubutun Hausa mafi rashin kunya, macen da ke da maza da yawa a kan nuna ta ne a matsayin mai cin amana ko wadda duniya ta ruɗa, a rufe da tonon asiri, ko ciwo, ko tuba. Marubucin ya kan sayad da zunubin shafi ɗari, sa'an nan ya biya kaffara da shafi biyu. Zaman lafiya na mace da mazanta a gida ɗaya, wanda shi ne zuciyar salon Turawa, bai sami gindin zama ba.

Abin da ke jawo masu karatu

Ba a fahimtar labari sai an tambayi ƙishirwar da ya ke kashewa. Mace a ƙasar Hausa ta tashi tana ganin ana raba kwana, ana jiran a zaɓe ta, ana yi mata kishiya ba shawara. Labarin da ya juya wannan, ya sa maza su ne masu jira da haƙuri da kishi, yana da daɗin ramuwa ko da a mafarki ne. Har wa yau, mazan nan da a ke rarraba wa halaye, haƙiƙa miji ɗaya ne aka tsaga: mai ciyarwa, mai tausayi, mai hira, mai kariya. Mai karatu ba taron maza ta ke nema ba, tana neman a haɗa mata waɗannan a mutum guda. Wanda ya karanta irin wannan labari da idon basira zai ga ƙorafi ne a kan mazan aure fiye da yadda ya ke kira zuwa ga fasiƙanci.

Wannan bai wanke batsa ba. Waya ba ta tambayar shekarun mai riƙe da ita, abin da babba ya rubuta don babba ya kan faɗa hannun 'yar aji biyu ta sakandare a Kiyawa ko Gwaram. Sai dai magani ba ya yiwuwa in ba a rarrabe cuta ba. Jigon mace tsakanin maza da yawa tsoho ne, da shi aka yi tatsuniya, da shi aka yi Jiki Magayi, da shi mata marubuta suka yaƙi auren dole. Wanda ya hana shi ya hana rabin adabin Hausa. Siffanta saduwa a fili abu ne dabam, ana iya cusa shi cikin ko wane jigo, har labarin miji da matarsa ta sunna. Ƙona littattafai da aka yi cikin 2007 bai hana karatu ba, ya dai zo daidai lokacin da karatun ya ke ƙaura zuwa inda ashana ba ta kaiwa. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara cikin 2016 domin mata marubuta ta gwada wata hanya, watau a ɗaukaka mai kyau har ya fi marar kyau kasuwa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Aikin da ke gaban malaman Hausa na makarantun Jigawa, da iyaye, da ƙungiyoyin marubuta, shi ne su san abin da 'ya'yansu ke karantawa, su karanta shi su ma, su koya musu tambayar da zauren hira ya saba yi bayan an ƙare labari: wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, kuma ɗan da aka haifa na wane ne?